Mai Karanta Sharar Silima

Shekara goma sha tara tana shara a gidan silima, kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa ganin farkon fim ba. Ƙarshe kawai take gani. Idan ya rage minti biyar a tashi, sai ta turo ƙofar ɗakin kallo a hankali, ta raɓe daga gefe da tsintsiyarta da abin kwasar shara, tana jiran a kunna fitilu. Saboda haka ta san wanda ya mutu a kowane fim, ta san wanda ya auri wa, ta san wanda aka gano ashe shi ne ɓarawon, amma ko za ka kwana kana tambayarta ba za ta iya gaya maka abin da ya haɗa su faɗa ba. 'Ya'yanta tun suna ƙanana suka koyi toshe kunne idan ta dawo daga aiki, don ita ba ta ɗauki faɗin ƙarshen labari a bakin komai ba. "Wannan mai gemun? Ai daga bene yake faɗowa," za ta ce, tana cire takalmi.

Ma'aikatan gidan Alƙaliya suke kiran ta, kuma ba zolaya ce kawai ba. Matar nan ba ta buƙatar kallon fim kafin ta yanke masa hukunci. Ƙasa take dubawa. Idan ta tarar da ledojin gugguru a cike ƙarƙashin kujeru, to fim ya yi, don ya sa mutane sun manta da bakinsu. Idan ta tarar an cinye tas, har an ninke ledar an yi ɗan kwalekwale da ita, to an sha zaman banza. Lemo da ya zube a layi uku ko huɗu lokaci guda, an tsorata jama'a ke nan. Tishu kuwa sai an yi hattara da shi, don akwai na mura akwai na kuka. Na mura a shimfiɗe ake yar da shi. Na kuka dunƙule shi ake yi, kuma idan na maza ne, can cikin tsagar kujera za ka same shi, an cusa kamar kayan sata. Babban ma'auninta shi ne mantuwa. Fim ɗin da ya isa fim, sai an bar mata makullai da hula da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Akwai shekarar da wani bawan Allah ya fita har bakin titi kafin ya tuna da surukarsa, kuma har yau Alƙaliya ba ta ga fim ɗin da ya kamo wancan ba.

Duk makon ƙarshe na shekara ana taruwa a ɗan ɗakin ma'aikata da ke bayan kantar gugguru, a tsakanin bokitai da katan-katan na lemo, a ji jerinta. Manaja yakan zo, ya tsaya a bakin ƙofa kamar wucewa yake yi. Dogo mai yage tikiti shi ke rubutawa, ya manna a jikin allon sanarwa, 'yan kallo su karanta su yi ta gardama har sabuwar shekara ta yi wata guda. Bana ma an yi. Fim ɗin tseren motoci, wanda aka kai kashi na biyar, ta jefa shi can ƙasa. "Na farko sun bar mini gugguru," in ji ta, "na biyar har ledar suka lashe." Wani fim da masu sharhi a rediyo suka yi ta kambamawa, wai ya zo da zurfin tunani, ta ce ita dai takalma ta yi ta tsinta a tuɓe, kuma mutum ba ya tuɓe takalmi a silima sai zai yi barci. Na soyayyar likita da mai sayar da furanni ta ba shi na biyu, bisa shaidar tishu arba'in da ɗaya, goma sha bakwai daga ciki a tsagar kujera.

"To, na zalɓe fa?" Dogo ya tambaya, biro a sama. "Shi kowa ke jira."

"Ka bar masa fili," ta ce. "Ban gama da shi ba."

Ba a taɓa jin haka daga bakinta ba, har Manaja ya manta cewa wucewa yake yi. Abin da ba su sani ba shi ne, wannan fim ɗin ya bi ta har gida.

Mijinta mai gyaran agogo ne, mutum siriri marar hayaniya, wanda ya yi shekara talatin da wani abu a kan ɗan teburi ɗaya, gilashi manne a ido ɗaya, hantsaki a hannu. Abu biyu yake so a duniya bayan iyalinsa: agogon da wani ya ce ba zai gyaru ba, da wani littafi mai jan bango, juzu'i uku, wanda ya saya tun yana saurayi. Labarin wata ƙasa ne da sarkin iskoki ya kulle mata ruwan sama a cikin tuluna, sai 'yar wani maƙeri ta hau wani ƙaton zalɓe ta tafi neman makulli. Da Turanci aka rubuta shi, ita kuwa Alƙaliya Turancinta bai wuce na allon ƙofa ba. Don haka a shekarar farko ta aurensu, duk ranar hutu bayan la'asar, sai ya zauna a bakin gado yana karantawa yana juya mata da Hausa, ita tana tsefe kai ko tana ninke wanki. Sau uku suka kai ƙarshe suka sake komawa farko.

Shi zalɓen yake so. Ita kuwa wata take jira, a tsakiyar juzu'i na biyu: mai sharar fadar sarkin iskoki. Mace ce da ba wanda yake gaisarwa, amma ta san duk abin da ke gudana a fadar, don tana duban sawu da ƙura. Ita ta lura cewa akwai wata ƙofa da kowa ke cewa ba a buɗe ta, amma kullum bakinta fes, ba yanar gizo ba ƙura, ita kuma ta nuna wa 'yar maƙeri inda makullin yake. A lokacin Alƙaliya shara take yi a wani ofis, kuma tana jin kunyar aikin har cikin ƙashinta. Daga wannan matar ta fara duban abin da take sharewa kafin ta kwashe shi.

Yanzu ga shi an mayar da littafin fim, ga kuma idon Malam, mijin nata, yana tafiya. Tun bara ya fara zubar da ƙananan kusoshi yana lalube. Watanni huɗu da suka wuce ya rufe teburin, ya mayar wa mutane agogunansu yana ba su haƙuri. Likita bai ɓoye musu ba: ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, kuma abin da ya rage watanni ne. Manyan abubuwa masu haske yana ganin su tukuna, idan ya matso kusa.

Ranar da aka kafa hoton fim ɗin a ƙofar silima, ta dawo ta ba shi labari. Ya yi ta juya gilashinsa na aiki a tafin hannu.

"Alƙaliya," ya ce, don shi ma ya ari sunan, "aiki zan ba ki. Ina jin fim ɗaya ya rage mini a idon nan. Idan sun yi shi da kyau, ki kai ni. Idan sun ɓata, ki bar ni da nawa na cikin kai, ya ishe ni. Ba na so abin da zan gani na ƙarshe ya zama wani ya taka mini littafi. Ki duba shararki ki faɗa mini."

"Sati uku kawai zai yi, Malam."

"Ai ke kwana ɗaya ya ishe ki."

Ita ma haka ta zata. Amma ranar farko da aka kunna fitilu ta shiga ɗaki na biyu, sai ta tsaya turus. Gugguru a cike, leda bayan leda, wasu ko buɗewa ba a yi ba. Wannan alamar alheri ce. Amma a gefen kowace leda ga tikiti an yayyaga shi ƙanana-ƙanana, ga bututun shan lemo an tauna shi ya zama lallausa, kuma waɗannan aikin mai jin haushi ne. Tishu akwai, na kuka, amma an yi jifa da shi gaba, wajen allo. A layi na shida ta tsinci wata takarda da aka cika da rubutu ciki da baya, da lambobi daga ɗaya zuwa talatin da takwas. Ta kai wa Dogo.

"Laifuffukan fim ɗin ne," ya ce bayan ya duba. "Na ɗaya, wai zalɓen ya cika fari. Na biyu, an haɗe 'yan'uwa biyu an yi mutum ɗaya da su. Na goma sha huɗu, wai takalmin maƙeri ba irinsa ba ne."

"To sun ƙi shi ke nan."

"Mai takardar nan na san ta. Ta sayi tikitin gobe da na jibi."

Su ne 'yan littafi, kuma Alƙaliya ba ta taɓa gamuwa da irin su ba. 'Yan kallo na yau da kullum idan an tashi tafiya suke yi. Waɗannan kuwa sai su yi cincirindo a barandar da ta gama gogewa, kowa da littafinsa a hammata, wani ya tsufa har an ɗaure shi da roba. Akwai ma'aikacin banki da ke rantsuwa ba zai sake taka gidan ba, kullum kuma da shi. Akwai wasu tagwaye mata da suka daina yi wa juna magana saboda muryar sarkin iskoki. Shugabarsu, ko da yake ba wanda ya naɗa ta, ita ce mai takardar nan, wata ma'aikaciyar kantin magani mai tabarau, wadda ta karanta littafin sau goma sha ɗaya kuma ba ta yarda a manta da hakan ba. Idan wani ɗan kallo ya kuskura ya ce shi dai ya ji daɗin fim ɗin, sai su juyo gaba ɗaya su dube shi da tausayi, su tambaye shi ko ya karanta. Idan wani kuma ya ce fim ɗin banza ne, su suke fara tare masa hanya.

Kwana goma sha biyu tana share ɗaki na biyu, kullum shaida ɗaya: so da ƙi a ƙarƙashin kujera guda. Ƙarshen fim ɗin ta gan shi ya fi sau talatin, ruwa yana sauka, 'yar maƙeri tana dariya, amma ƙarshe bai taɓa gaya mata komai ba. A gida kuwa Malam ba ya tambaya. Sai dai idan ta shigo ya ɗaga kai ya juyo da kunnensa wajenta, ita kuma ta hau zancen tsadar sabulu. Rannan ta ga ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya kama iska, ya sake miƙawa a hankali don kada ta lura. Abin ya tsaya mata a rai, tsoro ya kama ta sosai. Idan ta ce ya je aka ɓata masa rai, ita ta jawo. Idan ta ce kada ya je alhali abin ya yi kyau, ta hana shi abin da ba zai sake samu ba.

Ranar hutunta ta yi wanka, ta ɗauko gyalen da take zuwa unguwa da shi, ta ce wa Malam za ta duba wata ƙawarta. Ƙarfe goma na safe sai ga ta a gaban Dogo, ta ƙofar 'yan kallo.

"Yaya, lafiya? Yau ba hutunki ba ne?"

"Kallo na zo."

Dogo ya dube ta, ya dubi gyalen, ya sake duban ta. "Daga farko?"

"Ka ba ni hanya, kafin in fasa."

Ta zauna a layi na takwas, a kujerar da ta goge ta fi sau dubu ba ta taɓa ɗora jikinta a kai ba. Abu na farko da hannunta ya taɓa cingam ne a ƙarƙashin hannun kujerar, ta ƙudurta cewa gobe akwai magana tsakaninta da mai aikin safe. Sai aka kashe fitilu. Ashe haka farkon fim yake. Ashe mutanen nan da take gani suna mutuwa da aure, sai da aka fara nuna su suna cin abinci suna faɗa da iyayensu. Da zalɓen ya buɗe fukafukansa ya cika allon, ta ji ta riƙe hannun kujera, cingam da komai. Ya cika fari, gaskiyar mai takarda, amma ya yi kyau. Ta fara tsara yadda za ta gaya wa Malam.

Aka kai fadar sarkin iskoki. Ta gyara zama. Aka nuna dogayen zauruka, ƙasa tana sheƙi, wanda ke nufin akwai mai kula da ita. Ta jira. 'Yar maƙeri ta bi wannan lungu ta bi wancan, ta yi tuntuɓe da wani dutse, dutsen ya gusa, sai ga makulli a ƙarƙashinsa. Shi ke nan. Ba mai shara, ba tsintsiya, ba ko inuwar wata mata a bayan ginshiƙi. Alƙaliya ba ta san sa'ad da ta fara yayyaga guntun tikitinta ba.

Da aka tashi, ba ta bi ta ƙofar ma'aikata ba. Kai tsaye ta kutsa tsakiyar 'yan littafi, inda Mai Tabarau ke bayani a kan takalmin maƙeri.

"Ku kuna ta zancen takalmi," ta ce, "an cire mutum sukutum ba wanda ya ce uffan. Laifi talatin da takwas kika rubuta, 'yata, na gani, amma babban ba ya ciki. Ina mai shara?"

Suka juyo suna kallon ta. Sun san fuskarta, amma ba su taɓa jin muryarta ba sai a kan su ɗaga ƙafa.

"Wace mai shara, Mama?" in ji Mai Tabarau.

"Ta fada mana. Wadda ta gane ƙofar da ba ƙura. Ita ta nuna makulli. In ba ita, da har yau ruwan yana cikin tulu. Amma da yake mai shara ce, sai aka share ta, aka ba dutse aikinta."

Tagwayen suka dubi juna, karo na farko cikin mako guda. Mai Tabarau kuwa ba ta yi gardama ba. Ta zaro juzu'i na biyu daga jaka, ta buɗe ba tare da ta nemi shafi ba, ta karanta, tana juyawa da Hausa a hankali. 'Yar maƙeri ta yi tuntuɓe. Dutse ya gusa. Makulli ya bayyana.

"Wannan wurin kam ba su canza komai ba, Mama," ta ce da ladabi. "Sau goma sha ɗaya na karanta. Babu mai shara a littafin nan. A ina kika karanta naki?"

"Karanta mini aka yi."

"Wa?"

Alƙaliya ta gyara gyalenta ta juya. Tana jin ma'aikacin banki a bayanta yana cewa, "Amma fa, tsakani da Allah, nata ya fi ma'ana. Ni dama dutsen nan bai taɓa kwanta mini ba." Nan take sabuwar gardama ta tashi.

Ta tarar da Malam a tsakar gida, ya jawo kujera inda rana ta fi haske. Ta ajiye jaka, ta ɗauko 'yar kujera ta zauna daf da shi, yadda zai ga fuskarta.

"Yaya ƙawar taki?" ya ce.

"Na kalli fim ɗin."

Hannunsa ya tsaya a kan gwiwa. "Kallo? Ai shara na ce ki duba, ban ce ki kalla ba."

"Sun cire mai sharar fada."

"To, ai fim ba ya ɗaukar komai da komai. Dole a rage wani abu."

"Haka ne. Har marubucin ma, wai, ya rage ta. Tun kafin a buga."

Malam ya ɗaga kai yana duban sama, kamar mai neman hadari. Kunnuwansa ne suka fara tona shi, don tun yana saurayi idan an kama shi sai sun motsa. Can ya saki dariya ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya gaji da riƙon kaya.

"Shekara talatin da ɗaya," ta ce. "Yau na tsaya gaban mutane, da gyalena na unguwa, ina yi musu faɗa a kan matar da ba a taɓa haifa ba."

"Wurin ne bai yi ba," ya ce. "Yarinya ta sha wannan wahala, ta hau tsuntsu, ta ƙetare teku, sannan a ce tuntuɓe ne ya ba ta makulli? Idan aka kawo mini agogo na buɗe na ga wani ƙarfe ya ɓace, ba na mayar wa mai shi haka. Sai in nemi wanda ya dace in sa."

"Sai kuma ka rasa wanda ya dace sai mai shara."

Ya juyo da fuskarsa wajenta. "Kin tuna lokacin da kika ce kada in gaya wa 'yan'uwana aikin da kike yi? Kina dawowa ki wuce bayi da sauri ki wanke hannu kafin ki gaishe ni. Ni kuwa ina ganin macen da ke shiga ɗaki sau ɗaya ta san wanda ya zo ba na nan. Na faɗa miki da bakina, kika ce daɗin baki ne. Sai na ce bari in sa littafi ya faɗa, tun da shi kina yarda da shi."

Ta so ta ci gaba da fushi, don ta tanade shi tun daga bakin silima, kuma fushi ne mai kyau. Amma ya ƙi tsayawa. Abin da ya zo a madadinsa ya fi ƙarfinta, ta ji son mutumin nan ya cika mata ƙirji har ya yi mata ciwo. Ta tashi ta kwashe shanyar da ba ta gama bushewa ba, ta sake shanya ta.

"To, mene ne hukunci?" ya tambaya daga bayanta.

"Zalɓen ya cika fari. An haɗe 'yan'uwa biyu. Takalmin maƙeri ba irinsa ba ne. Wurin makulli kuwa sun ɓata shi, daidai yadda marubucin ya ɓata." Ta matse bakin wani zane. "Ranar Alhamis za a cire shi. Ka nemo hularka mai kyau."

Suka je kallon safe na ranar ƙarshe. Dogo ya rako su har layin farko, inda ba mai son zama saboda ciwon wuya, ya kakkaɓe wa Malam kujera da hularsa. 'Yan littafi suna nan a baya, sun zo yi wa fim ɗin bankwana da zagi. Labarin mai shara ya riga ya zagaya su, har sun rabu gida biyu a kansa, don haka da Mai Tabarau ta gane ko wane ne dattijon, sai ta sauko ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce bayan an tashi tana da tambayoyi tara.

Malam ya kalli fim ɗin da kansa a ɗage, bakinsa a ɗan buɗe. Fuskoki ba ya rabe su, sai ta raɗa masa wane ne ke magana. Amma da zalɓen ya cika allon, ya damƙi hannunta.

"Na gan shi," ya ce. "Ya cika fari." Bai saki hannun ba har tsuntsun ya sauka.

Wajen tuntuɓe ya yi tsaki mai ƙarfi, aka amsa masa daga baya da tsaki kusan goma. Ruwa ya sauka, 'yar maƙeri ta yi dariya, aka kunna fitilu. Mai aikin safe ta shigo da tsintsiya. Jama'a suka fice baranda, inda tuni an fara jin muryar ma'aikacin banki. Alƙaliya ta miƙe ta kama gwiwar hannun mijinta, amma bai tashi ba.

"Da fitilun nan ina gani sosai," ya ce, yana waige-waige. "Nan ne ke nan. Shekara goma sha tara ina jin labarin ɗakin nan, ban taɓa ganin ki a cikinsa ba. Ɗan yi layi ɗaya in gani."

"Malam, yau hutu na ɗauka. Ka dubi kayan jikina."

"Layi ɗaya."

Ta dube shi. Sannan ta karɓi tsintsiya daga hannun mai aikin safe, ta ce mata maganar cingam tana nan tafe, ta ɗaure gyalenta a ƙugu. Ta fara daga bakin layi na biyu, yadda ta saba: ta ɗaga kujera da gwiwa, ta duba ƙasa, sannan ta share. Malam ya juya a kujerarsa, ya ɗora haɓa a kan hannuwansa, yana bin ta da ido. Ta ga yadda yake ƙanƙance su, yadda kansa ke ɗan makara wajen bin ta idan ta matsa. Ta rage sauri.

Da ta kai ƙarshen layin ta miƙe tana riƙe da ƙugu.

"Kin bar ɗaya," ya ce, yana nuni da yatsa, cike da jin daɗin kansa. "Ga gugguru can, ƙarƙashin kujera ta uku."

Ta koma, ta ɗaga kujerar, ta duba. Ba komai a wurin, fes yake.

"Ai kuwa," ta ce. Ta sa tsintsiya ta share, ta kwashe.